Katin Bashi Mai Gyara Ana Tsaka da Cinikin Gida a Amurka: A Nema ko a Dakata?

Saura kwana 11 mu sa hannu a takardun gidanmu, ni da maiɗakina muka shiga wani babban kantin kayan lantarki duba firij. Ba saye muka je yi ba, farashi kawai muke son ji. Yarinyar da ke kan kanta ta ga mun daɗe gaban wani mai ƙofa biyu, sai ta matso ta ce idan na buɗe katin bashin kantin a ranar za a rage mini kuɗi mai kauri, kuma cike takardar ba ya wuce minti biyu. Har na zaro lasisin tuƙi daga aljihu. Maiɗakina ta ja mini hannun riga a hankali ta ce, "Malam, ba cewa aka yi kada mu taɓa komai ba sai mukulli ya shigo hannu?" Na mayar da lasisin, muka fito hannu rabbana.

Tun daga lokacin 'yan'uwa da dama da ke shirin sayen gida sun yi mini wannan tambaya, daga masu tuƙin haya a Bronx har ma'aikatan asibiti a Houston: ga tayin katin bashi mai mayar da wani kaso na abin da ka kashe, ga kuma cinikin gida a gaba, a nema ko a bari? Amsata ba ta canzawa. Idan ka riga ka shigar da takardar neman rancen gida, ko kana shirin shigarwa nan da wata uku zuwa shida, ka dakata. Katin ba gudu zai yi ba. Abin da ya rage shi ne ka san dalili, ka kuma san 'yan wuraren da hukuncin ke sauyawa. Alƙaluman da zan kawo na Amurka ne, ko da yake mazauna Ingila da Kanada za su ga tsarin nasu bai yi nisa da wannan ba.

Shi wannan kati, in ka lura, gyara yake bayarwa, irin wadda mai awo ke ƙara maka bayan ta cika mudu. Ka kashe dala 100, banki ya dawo maka da dala 1 da rabi ko dala 2. Citi Double Cash da Wells Fargo Active Cash kashi 2 cikin 100 suke mayarwa, Chase Freedom Unlimited kashi 1.5 a kan yawancin sayayya, shi kuma Discover it yana kaiwa kashi 5 a wasu rukunan kaya da ke sauyawa duk wata uku. Da yawansu suna haɗawa da tukwicin shiga, sau da yawa wajen dala 200, idan ka kashe wani adadi cikin watanni ukun farko. Ga mai biyan bashinsa kaf duk wata, abu ne mai kyau. Matsalar lokacin da aka neme shi ne.

Mataki na farko: ka san inda kake a hanyar

Kafin komai ka zauna ka ƙirga watannin da suka rage tsakaninka da ranar da mai ba da rance zai buɗe rahoton bashinka.

Idan shekara guda ce ko fiye, ƙofa a buɗe take. Sawun da neman kati ke bari yana zama a rahoto shekara 2, amma makin FICO, wato makin da bankuna ke auna amincin mai neman bashi da shi, ba ya lissafa shi bayan wata 12. Kati ɗaya da aka buɗe da wuri, ana biyansa kan lokaci, zai iya ma taimaka maka.

Idan tsakanin wata shida ne da shekara, abin ya danganta da kaurin tarihinka. Mai katuna uku ko huɗu da suka shekara bakwai ko takwas, makinsa ya haura 780, zai iya ɗaukar ɗan ƙwarzanen ya warke kafin lokaci. Mai kati ɗaya tal ɗan shekara biyu, ya fi masa ya haƙura.

Idan ƙasa da wata shida ne, ka bari. Idan kuwa har an ba ka takardar amincewar farko, ko mai gida ya karɓi tayinka ka ajiye kafin alƙalami, to maganar ma ba ta taso ba. Daga ranar da aka ƙulla ciniki zuwa ranar sa hannu yawanci kwana 30 ne zuwa 45. Wannan ɗan tsakanin shi ne lokacin da ake so ka zama kamar gawa a harkar bashi: ba ka buɗe sabo, ba ka rufe tsoho.

Akwai mutum ɗaya da shawarar ke juyewa a kansa, wato sabon zuwa. Wanda ya sauka daga Kano ko Kumasi ko Yamai bara, ko da gidajen haya goma gare shi a can, a idon bankunan Amurka farar takarda ce. FICO ba ya fitar da maki sai mutum yana da aƙalla asusun bashi ɗaya da ya kai wata shida a buɗe. Irin wannan ya nemi kati yau, ko da mai ajiyar jingina ne, wanda za ka ba banki dala 200 ko 500 su riƙe su ba ka kati daidai kuɗin. Sai dai ya sani cewa shi gida ba na bana ba ne. Ba a kiwon kare ranar farauta.

Mataki na biyu: ka ga abin da mai ba da rance zai gani

Kamfanoni uku ne ke ajiye tarihin bashin mutane a Amurka: Equifax da Experian da TransUnion. Shafin AnnualCreditReport.com, wanda dokar tarayya ta tanada, yana ba ka rahotonsu kyauta, yanzu har duk mako. Duba naka da kanka ba ya rage maki ko ɗaya. Ka sauke duka ukun, ka bi su layi-layi. Masu sunaye irin namu, su Muhammad da Abubakar da Ibrahim, su ƙara buɗe ido, domin akan haɗa bayanan mutum biyu masu suna iri ɗaya. Idan ka ga bashin da ba naka ba, ka kai ƙorafi tun da wuri. Doka ta ba kamfanin kimanin kwana 30 ya bincika. Kada ka bari sai ana tsaka da tantance rancenka, don asusun da ake jayayya a kai yakan tsayar da aiki.

Makin FICO daga 300 yake zuwa 850, kuma kamfanin da kansa ya faɗi yadda yake raba nauyi: kashi 35 biya kan lokaci, kashi 30 yawan abin da ake binka, kashi 15 tsawon tarihi, kashi 10 sababbin basussuka, kashi 10 kuma ire-iren bashin da kake riƙe da su. Sabon kati yana taɓa biyu daga ciki nan take. Na farko sawun binciken da bankin katin zai bari, wanda ga yawancin mutane bai kai maki 5 ba. Na biyu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne shekarun asusunka. A ce kana da kati biyu, ɗaya ɗan shekara 6 ɗaya ɗan shekara 2. Tsaka-tsakinsu shekara 4 ke nan. Ka ƙara jariri a cikinsu, ya faɗo shekara 2 da wata 8. Ga mai ƙaramin tarihi wannan ya fi sawun binciken ciwo.

Wani zai ce ai masu ba da rancen gida ma suna barin sawu. Haka ne, amma an yi musu rangwame: duk binciken rancen gida da aka yi cikin ɗan tsakani, kwana 14 a tsofaffin tsare-tsaren FICO, kwana 45 a sababbi, ɗaya ake ɗaukarsu, don mutum ya samu damar zagaya kasuwa ya taya. Katin bashi bai shiga wannan rangwame ba. Kowane nema da sawunsa.

Sannan kada makin da manhajar waya ke nuna maka ya ruɗe ka. Credit Karma, alal misali, makin VantageScore take nunawa, alhali masu rancen gida sun daɗe suna aiki da tsofaffin nau'o'in FICO, kuma tazarar da ke tsakani takan yi yawa. Suna jawo maki uku daga kamfanonin nan uku, su ɗauki na tsakiya. In ka samu 752 da 741 da 728, to 741 ne naka. Idan kai da iyalinka kuke nema tare, farashin rancen yakan bi na wanda ya fi ƙasa a cikinku. Saboda haka dokar dakatawar nan ta hau kan ku biyun. Ba amfani maigida ya kame hannunsa, uwargida ta karɓi katin kantin tufafi don an ce za a rage mata kashi 20 a kayan sallar yara.

Mataki na uku: ka ɗauki biro ka yi lissafi

Nan ne zan ɗan daɗe, don nan ne mutane ke yaudarar kansu. Suna cewa maki 5 mene ne? Ba komai ba ne, sai fa idan kana tsaye a bakin layi.

Kaso mai yawa na rancen gida a Amurka daga baya wasu manyan kamfanoni biyu da gwamnati ke mara wa baya, Fannie Mae da Freddie Mac, su ne ke saye, kuma suna da jadawalin ƙarin kuɗi da ke bin makin mutum hawa-hawa, kowane hawa maki 20: daga 780 zuwa sama, sai 760 zuwa 779, sai 740 zuwa 759, sai 720 zuwa 739, haka har ƙasa. A jadawalin da ya fara aiki a watan Mayun 2023, mai sayen gida da ya zuba kashi 20 na farashin daga aljihunsa, idan makinsa yana tsakanin 740 da 759, ƙarin da ke kansa kashi 0.875 ne na rancen. Idan ya zamo zuwa hawan 720 zuwa 739, ya koma kashi 1.25. A rancen dala 300,000 bambancin dala 1,125 ne. Mutumin nan mai 741 maki biyu kacal ya rage masa ya faɗa. Ya karɓi tukwicin dala 200, ya biya 1,125.

Sau da yawa ba a karɓar wannan ƙari a dunƙule, sai a narkar da shi cikin kuɗin ruwa. Ga yadda ƙaramin motsi ke girma: rancen dala 300,000 na shekara 30 a kan kashi 6.5, biyan wata dala 1,896 ne. A kan kashi 6.75 ya zama dala 1,946. Dala 50 ce a wata, amma in ka riƙe rancen har ƙarshe ta doshi dala 18,000.

Yanzu juyo ɗaya ɓangaren. Mai kashe dala 1,500 a wata da kati mai mayar da kashi 2, gyararsa dala 30 ce a wata. Idan ya jinkirta neman katin wata biyu, asararsa dala 60, kuma tukwicin shiga yana nan yana jiransa, don bankuna ba sa gajiya da tallar katuna. Wato a sikeli ɗaya dala 60, a ɗayan dubbai. Garin neman gira ke nan.

Akwai lissafi na biyu da ya fi wannan haɗari, shi ne na nauyin bashi a kan abin da kake samu. Mai tantancewa zai tara duk biyan da ke wuyanka a wata, ya raba da kuɗin shigarka kafin a cire haraji. A ce kana samun dala 6,000. Biyan sabon gida, haɗe da harajin fili da inshora, dala 2,300. Mota dala 350. Mafi ƙarancin biyan tsohon katinka dala 40. Jimla 2,690, wato kashi 44.8. Sai ka buɗe sabon kati ka ɗora masa kujeru da gado na dala 3,000 don ka cika sharaɗin tukwici, mafi ƙarancin biyansa ya kama dala 90. Ka koma kashi 46.3. Idan iyakar da aka yanka maka kashi 45 ce, ka tsallake ta. Tsarin kwamfuta na Fannie Mae yakan yarda har kashi 50 ga mai ƙarfin takardu, amma ba kowa ke samun wannan ba, kuma ba kai ke zaɓa ba. A nan ba maganar ƙarin dala 50 ake ba; ana iya cewa rancen bai yiwu ba, ga kafin alƙalaminka, wanda yakan kai kashi 1 zuwa 3 na farashin gidan, yana hannun mutane, kuma in wa'adin sharaɗin rance da ke cikin yarjejeniyar ya wuce, karɓo shi sai an yi da gaske.

Masu wayo sukan kawo wata hujja: sabon kati yana faɗaɗa iyakar bashi, sai kason da kake amfani da shi ya ragu, maki ya hau. Gaskiya ne a ƙa'ida. Amma akwai hanyar da ba ta barin sawu. Idan iyakar katinka dala 5,000 ce ana binka 2,000, kana kan kashi 40. Ka biya 1,600 kafin ranar da banki ke rufe lissafin wata, domin abin da ke kai a ranar shi ake aikawa kamfanonin rahoto, sai ka faɗo kashi 8. Ka lura, ranar rufe lissafi daban take da ranar ƙarshen biya. Tana rubuce a takardar wata. Wannan dabara tana iya ɗaga maki cikin wata guda fiye da duk abin da sabon kati zai yi maka.

Mataki na huɗu: ka tambayi jami'in rancenka

Idan duk da haka zuciya na raya maka, ka rubuta wa jami'in da ke riƙe da fayil ɗinka saƙon imel. Ka tambaye shi makinka na tsakiya, maki nawa ya rage ka faɗa hawa na ƙasa, da kuma kason nauyin bashinka a yanzu. A rubuce, don baki yakan manta. Shi kaɗai ne ke ganin alƙaluman da za a yi hukunci da su. Dillalin gidaje ba ya gani, abokin da ya sayi gida shekara biyar da suka wuce ma haka.

Mataki na biyar: zaman shiru

Mutane da yawa suna zaton da an ba su takardar amincewa shi ke nan an gama bincike. Ina! Tun bayan rikicin gidaje na 2008, musamman daga 2010 da Fannie Mae ta tsaurara ƙa'idojinta, masu ba da rance suna sake leƙa rahoton mutum dab da ranar sa hannu, wasu ma suna biyan kuɗi a riƙa sanar da su duk wani sabon motsi a kai. Ka nemi kati da hantsi, kafin kwana biyu ga saƙo: ka rubuto bayanin wannan bincike, an ba ka katin ko ba a ba ka ba, nawa ke kai, ina takardar shaida. Sabon kati kuwa sai ya yi wata guda kafin ya fitar da takardar farko. Kafin a warware, wa'adin da aka ƙulle maka kuɗin ruwa, wanda yawanci kwana 30 ne zuwa 60, yana iya ƙarewa, tsawaita shi kuma da kuɗi. Mai gidan ma yana da nasa shirin tashi, ba lalle ya jira ka ba.

A wannan tsakani ba katin gyara kaɗai ake gudu ba. Katin kanti irin wanda aka yi mini tayi, kati ne cikakke, kuma su Home Depot da Lowe's da kantunan kujeru su ne wuraren da mai sabon gida ke yawan zuwa. Tsarin nan na ɗauki kaya yanzu ka biya kuɗin sau huɗu, na su Affirm da Klarna da Afterpay, bashi ne, kuma ko bai fito a rahoto ba zai fito a takardar bankinka. Neman a ƙara maka iyakar tsohon kati, a wasu bankuna, yana barin sawu kamar sabon nema. Sabuwar mota, a bar ta tukuna. Wayar da ake biya wata-wata ma ka tambaya kafin ka karɓa. Sai kuma wanda ya fi yi mana wuya mu Hausawa, wato tsayawa ɗan'uwa. Ƙaninka ya zo yana so ka sa masa hannu ya ciri mota, kunya ta hana ka cewa a'a. To a takarda wannan bashin naka ne ɗungurungum. Ka gaya masa gaskiya, ya ba ka wata biyu.

Kada kuma tsoro ya sa ka rufe tsofaffin katuna. Rufe kati yana rage jimillar iyakarka, sai kason amfaninka ya tashi. Ka bar su a buɗe, ka riƙa ɗan sayen mai ko cefane da ɗaya, ka biya kan lokaci. Biyan da ya makara kwana 30 ya fi sawun kati goma ɓarna.

Tunda ana maganar abin da mai tantancewa ke gani, bari in saƙa wata da ba ta kati ba amma tana kama mutanenmu. Za a nemi takardun banki na wata biyu, kuma duk wani babban kuɗi da ya shigo wanda ba albashi ba sai an ji asalinsa. A ƙa'idar Fannie Mae, babba shi ne wanda ya wuce rabin abin da kake samu a wata. Kwasar adashi, ko kuɗin filin da aka sayar maka a gida aka turo, duk suna faɗawa nan. Ka shigar da su banki tun wata uku kafin nema, ko ka tanadi shaidarsu. Idan kyauta ce daga ɗan'uwa, akwai takardar da zai sa wa hannu cewa ba rance ba ne. Ciro tsabar kuɗi daga katin bashi don cika zubin farko kuwa, ba a karɓa.

Idan aikin gama ya gama

A ce ka riga ka nema kafin ka karanta wannan. Ba ƙarshen duniya ba ne. Ka kira jami'in rancenka yau, kada ka jira su gano. Takardar neman rancen gida, wadda ake kira fom 1003, kana sa hannu ne a kan cewa ka bayyana duk bashin da ke kanka, kuma ɓoye bashi da gangan a cikinta laifi ne a dokar tarayya. Ka ajiye katin a durowa, kada ka sayi ko ruwan sha da shi, tukwicin ya wuce. Kada ka yi saurin rufe shi, don rufewa ba ta goge sawun. Ka rubuta gajeren bayani: ranar da ka nema, sunan bankin, iyakar katin, da cewa ba komai a kai. Idan makinka ya zame hawa, ka tambayi jami'in ko zai nemi a sake lissafin gaggawa bayan ka rage bashin tsofaffin katuna. Hanya ce da mai ba da rance kaɗai ke iya buɗewa, tana ɗaukar 'yan kwanaki maimakon wata.

Masu bin hanyar da ba riba

Da yawa cikinmu ba sa zuwa wurin banki kai tsaye, sai su bi ta kamfanonin da ke tsara sayen gida bisa musharaka ko murabaha, kamar Guidance Residential da ke jihar Bajiniya, da UIF a Mishigan, da Devon Bank a Shikago. Kada wani ya ɗauka a can ba ruwansu da maki. Su ma suna jawo rahoton nan guda uku, suna auna nauyin bashi, kuma ribar da za su yanka maka tana bin makinka. Duk abin da na faɗa a sama ya hau kansu.

Shi katin kansa akwai maganar malamai a kai, tunda a yarjejeniyarsa akwai sharaɗin kuɗin ruwa ga wanda ya makara. Wasu sun hana saboda sharaɗin, wasu sun sassauta ga mazaunin ƙasar da ba a samun hayar gida ko rance sai da tarihin bashi, matuƙar yana biya kaf kafin wa'adi. Wannan ka kai wa malaminka. Abin da zan iya cewa a lissafi shi ne kuɗin ruwan katuna a 'yan shekarun nan ya haura kashi 20 a shekara, don haka wanda zai bar bashi ya kwana a kai, gyarar kashi 2 ba ta ko kusa biyan abin da za a zare masa.

Mataki na ƙarshe: bayan mukulli

Yaushe ne daidai? Ba ranar da aka aiko maka takardar ƙarshen lissafi ba, wadda doka ta ce ta iso ka kwana 3 na aiki kafin sa hannu. Ba ma lalle ranar sa hannun ba. A wasu jihohi, musamman na yamma irin su Kalifoniya, akan sa hannu yau, kuɗi su fita bayan kwana ɗaya ko fiye, kuma kafin su fita mai ba da rance yana da ikon ja da baya. Ka jira sai an tabbatar maka an saki kuɗin, an kuma yi rajistar gidan da sunanka a ofishin gunduma. Tambaya ɗaya ce ga jami'in: an biya, an rubuta?

Daga nan kana iya nema, har ma lokacin yana da daɗi ta fuska biyu. Sabon rancen gidan yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu kafin ya bayyana a rahoto, kuma idan ya bayyana maki yakan ɗan sauka na wani lokaci. Sannan ga kashe-kashen tarewa, labule da fenti da injin yankan ciyawa, waɗanda za su cika sharaɗin tukwici ba tare da ka sayi abin da ba ka buƙata ba. A takardar neman katin ka rubuta ainihin sabon biyan gidanka, ba tsohon kuɗin haya ba. Ka fara gwada shafin duba cancanta da yawancin bankuna ke da shi, wanda ba ya barin sawu. Ka zaɓi kati marar kuɗin shekara, guda ɗaya, kuma in kana yawan zuwa gida ko Umara ka duba wanda ba ya cajin ƙari a kan sayayyar ƙasar waje, don wasu suna cire kashi 3, abin da ya cinye gyarar har ya ɗora. Idan kana da niyyar sake tsara rancen nan da 'yan watanni don kuɗin ruwa ya sauka, to ka koma mataki na farko ka sake ƙirga watanni.

Kuma ka sauya adireshinka a gidan waya da banki kafin ka nema. Ni na manta da wannan. Mun tare ranar Asabar, na nemi kati ranar Laraba, ya tafi akwatin wasiƙun tsohon gidan hayarmu, sai da na yi tuƙin minti 40 na je na roƙi mai kula da ginin ya buɗe mini. Firij ɗin mai ƙofa biyu kuwa yana nan inda muka bar shi a kantin, an ma rage masa dala 150.